Ɗan Ƙaramin Baƙo a Tsakar Gidan Regla

Mallorca, 12 ga Maris, 1995

Zuwa ga yayata Regla,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, da fatan gwiwar nan ta bar ki kina barci. Mu nan lafiya ƙalau. Matata Margalida ta yi mura, amma ta warware, tana gaishe ki.

Na san har yanzu kina jin zafina saboda ban zo jana'izar Inna ba. Yaya, watan Agusta ne, otal maƙil da baƙi, aka ce duk ma'aikacin lambun da ya tafi kada ya dawo. Na bugo waya shagon bakin layi, aka ce kin ƙi zuwa. Za ki ce kunne ne, ba kya jin magana ta waya. To, ga shi na ɗauki biro.

Na ba wani direban babbar mota, mutumin wajenmu, kwali ya kawo miki. Furen jeraniyo ne daga lambun otal ɗinmu, irin da ba ki taɓa gani ba: ja mai duhu, bakin kowane fure da farin zare. Da hannuna na zaɓo. Tunda ke Inna ta bar wa tukwanenta, ni ma bari in sa hannu a tsakar gidan da aka haife ni. Amma waɗannan ki ajiye su daban, ba irin na gida ba ne.

Ƙanenki,
Eulogio

Chipiona, 9 ga Afrilu, 1995

Logio, autan Inna,

Na samu wasiƙarka, na samu kwali. Gwiwa tana nan yadda ka san ta, in iskar gabas ta taso sai ta riga kowa sani. Ina zuwa rumfar ƙungiyar manoman fure da safe in ɗaure furanni, in dawo da rana in yi hira da bango. Ka gaishe da Margalida, ka ce ta riƙa shan lemon tsami da zuma.

Na yi niyyar in ci gaba da fushi da kai har Kirsimeti, sai kwalin nan ya ɓata mini shiri. Da na buɗe, zama na yi a bakin rijiya na sha kukana. Kai, Logio, ashe ka san hanyar zuciyar mutum. Na ajiye su daban kamar yadda ka ce: na ɗora su a kan dakalin tsakiya, wurin da Inna take sa wanda ta fi ji da shi, nata kuma sun kewaye su kamar yara sun kewaye amarya.

Ka tuna Caridad ta ƙofar da ke kallon tamu? Ita ta yi jinyar Inna tare da ni har ƙarshe, ita ta rufe mata ido. Da ta leƙo ta ga furannin naka ta ce, "Regla, in ba ki sam mini reshe ba, na daina ara miki gishiri." Na sam mata. Kafin mako ya zagayo duk matan layin sun zo da wuƙaƙensu. Mun ƙulla cewa ranar bikin Uwargida Maryamu a watan Satumba, in an ɗauko mutum-mutuminta daga coci an zo wucewa da ita ta layinmu, kowace taga za ta yi ja da furenka. Na ce musu ƙanena ne ya aiko, babban mai lambu ne a Mallorca. Ka ga yadda nake tallarka kyauta.

Yayarka,
Regla

Chipiona, 18 ga Yuni, 1995

Logio,

Ina gaisuwa. Shiru ba amsa, na ce ko aiki ne ya yi yawa. Ni lafiya, sai zafi.

Tambaya gare ni, tunda kai ne masani. Akwai wani ɗan malam-buɗe-littafi da ya cika mini tsakar gida. Ƙarami ne, bai fi farcen babban yatsa ba. Da farko na ɗauka irinsa ce da muke kira 'yar shuɗiya, wadda muke bi muna yara a jikin shingen maƙwabta, Inna tana hana mu kamawa. Amma na sa tabarau na zauna na ƙura masa ido. In ya buɗe fiffike, launin ƙasa ne kawai, kamar gasasshen burodi, ko ɗigon shuɗi babu. Bakin fiffiken fari da baƙi ne a jere, kamar an yi masa ɗinkin ado. In ya rufe, ƙasan toka-toka ne da fararen zane, ga 'yar siririyar wutsiya a baya. Ba ya tashi sama, ba ya zuwa kan sauran shuke-shuke, kullum yana kan jeraniyo yana tsalle daga wannan kai zuwa wancan.

Yana da kyau, har ina yi masa magana. Sai dai wasu kawunan furen suna bushewa tun ba su buɗe ba, na kuma ga ɗan rami a jikin ɗaya. Ko shi ne? Ko in fesa wani abu? Ka amsa da wuri.

Regla

Mallorca, 14 ga Yuli, 1995

Yaya Regla,

Gaisuwa da fatan alheri. Ki yi haƙuri da jinkiri, baƙi sun sauko mana kamar fari, ba na ko samun zama in ci abinci. Lafiyarmu lau.

Kin ba ni dariya. Macen 'yar shuɗiya ce kika gani. Namijin ne mai shuɗi, macen launin ƙasa take, ita ma da wutsiyarta. Ba ta cutar da komai, kada ki ɓata kuɗinki a kan magani. Bushewar fure kuwa zafi ne da yawan ban ruwa. Na san ki, kina dura musu ruwa kamar masu jego. Ki rage.

Ƙanenki,
Eulogio

Chipiona, 6 ga Agusta, 1995

Logio,

Ina fatan kuna lafiya. Ni dai jikina lafiya, hankalina ne ba lafiya.

Na rage ruwa, abin sai gaba yake. Karan furen yana yin baƙi, in ka matsa sai ka ji fanko. Na tsaga ɗaya da wuƙa, na tarar da tsutsa a ciki, koriya mai gashi-gashi, da ratsin ja-ja a bayanta, ta cinye cikin tas ta bar kashinta. Tsohon jeraniyon nan na bakin ƙofar kicin, wanda Inna ta zo da reshensa daga gidan kakarmu ranar aurenta, jiya ya karye a hannuna. Na layi ma duk haka. Mata sun fara tsayawa a ƙofata suna tambaya, ni kuma ina ce musu ƙanena ya ce zafi ne.

Logio, zafi yana haifar tsutsa? Kuma ban taɓa ganin namijin nan mai shuɗi ba ko sau ɗaya. Gari guda na mata zalla, ba miji? Ka sake dubawa don Allah.

Regla

Mallorca, 21 ga Agusta, 1995

Yaya,

Muna lafiya. A tsaye nake rubutun nan.

In tsutsa ce, to daga waje aka kawo muku. Irin tukwanen da ake sayarwa a kasuwar mako, ba a san asalinsu ba, su ke ɗauko cuta. Ki bincika ko wata a layin ta sayo sabo bana. Nawa dai daga lambun otal suka fito, wurin da ake duba kowane ganye.

Eulogio

Chipiona, 15 ga Oktoba, 1995

Logio,

Gaisuwa. Na daɗe ban rubuto ba saboda ban san ta inda zan fara ba. Gwiwa ta kumbura, na rage zuwa rumfa.

Da wasiƙarka ta zo, nan take na tuna Caridad ta sayo tukwane biyu a kasuwa wajen watan Mayu. Ban ko cire tabarau ba na tsallaka. Tana zaune a ƙofa tana gyaran kifi, mata uku suna wurin. Na ce, "Caridad, tukwanenki na kasuwa su suka kawo mana annobar nan."

Ta ce, "In ji wa?"

Na ce, "In ji ƙanena, wanda aikinsa ke nan."

Ta ɗago ta ce, "Au, likitan furen nan da bai san hanyar maƙabarta ba?"

Matan suka yi dariya. Ni kuma jinina ya hau, don an taɓa ka. Na ce, "Ki bar sunan ƙanena. Ke me kika taɓa rayawa a gidan nan? Fure bai tsaya miki ba, ɗa bai tsaya miki ba."

Ka san ta binne jarirai biyu. Wuƙar ta ajiye a hankali, ta kwashe kifinta ta shiga, ta ja ƙofa. Tun ranar ba ta sake kallon inda nake ba. Da bikin ya zo, aka wuce da Uwargida ta layinmu tagogi tsirara, wasu sun rataya furen roba. Na tsaya bayan labule.

Yanzu ga abin da ya sa na rubuto. Ranar Talata wata ma'aikaciyar gona ta zo rumfa da hoto, ta ce a duba ko an ga wannan. Na karɓa, na ga baƙona sak: launin ƙasa, bakin fiffike fari da baƙi, 'yar wutsiya. Na ce, "Ai macen 'yar shuɗiya ce." Ta ce a'a, mutane da yawa suna ruɗewa, amma macen waccan ko yaya tana da ɗan shuɗi kusa da jiki, kuma ba ruwanta da jeraniyo. Wannan baƙo ne daga kudancin Afirka, a cikin shuke-shuke ya shigo, a kan fure yake yin ƙwai, tsutsarsa ta huda ta shige kara. Ta ce da an yanke an ƙone tun farkon bazara, da an ceci da yawa. Sai ta ƙara da cewa a Mallorca ya fara ɓarna, shekaru ke nan.

Na ce mata ƙanena yana can, kuma bai san shi ba. Ta dube ni, ta karɓi hotonta ta wuce wurin ta gaba.

Logio, ta yaya ba ka san shi ba? Ko ɓangarenku bai kai ba? Ka gaya mini haka ne, zan yarda.

Regla

Mallorca, 26 ga Nuwamba, 1995

Zuwa ga Yaya Regla,

Ni ce Margalida. Ina gaishe ki da girmamawa, ina fatan gwiwa ta yi sauƙi. Eulogio ya tafi aikin tsinkar zaitun can cikin tsibirin nan namu tunda an rufe otal, sai Kirsimeti zai dawo. Na ga wasiƙarki a aljihun rigarsa ban buɗe ba, amma na lura ta kwana biyu, na ce bari in gaishe ki kada ki ji shiru. Ga burodin zaƙi irin namu na aiko, ki ci da shayi.

Yaya, na daɗe ina son in ba ki haƙuri a kan furannin nan. Ranar da ya zo da su na yi masa faɗa, don daga tarin da aka ba shi ya ƙone ya ɗebo, saboda malam-buɗe-littafin nan da ya addabe mu. Nan ko yaro ya san shi, ni kaina na daina ajiye jeraniyo a taga. Ya ce ya zaɓi masu lafiya ne, kuma kunya ce ta hana shi zuwa miki hannu rabbana bayan rashin Inna. Da kika rubuto a watan Yuni kina kwatanta shi, ya karanta mini, na ce shi ne, wallahi shi ne. Ya ce a ranar zai rubuta miki ki ƙone su duka. Ina fatan kin yi da wuri, bai taɓa na Inna ba. Kada ki riƙe shi a zuciya, niyyarsa mai kyau ce.

Ƙanwarki,
Margalida

Chipiona, 3 ga Disamba, 1995

Eulogio,

Ba zan tambayi lafiyarka ba, matarka ta ce kana da ƙarfin hawa bishiya.

Ta rubuto mini. Kada ka yi mata faɗa, ita kaɗai ce a gidanku ta ɗauke ni mutum. Ba ta ma san abin da ta faɗa mini ba, baiwar Allah, tana can tana zaton ka gargaɗe ni.

Daga tarin shara ka ɗebo. Wannan zan iya haɗiyewa. Da ka ce mini, Yaya, ba ni da abin kawowa, da na ce wa ya tambaye ka? Amma a watan Yuni na zauna na zana maka shi kamar mai ɗaukar hoto, har wutsiya, ka karanta, ka gane shi, matarka ta gane shi, ka ɗauki biro ka rubuta mini "kin ba ni dariya". A lokacin na Inna suna da rai. Wata guda ka riƙe amsar, sannan ka ce in rage ruwa. Na bar su da ƙishi a tsakiyar bazara, tsutsa tana ci daga ciki, ni ina hana su ruwa daga waje, saboda ƙanena masani ya faɗa.

Da abin ya ƙi ɓoyuwa, sai ka nemo wanda za ka rataya wa. Ba ka ambaci suna ba, ka fi wayo, ka dai nuna mini hanya ka bar ni in tafi. Na tafi kuwa. Matar da ta wanke uwarka ranar da kai kake ban ruwa a bakin wurin wankan baƙi, ita na je na yi wa gorin 'ya'yanta da ke kabari, don in kare sunanka.

Ka ba ni amsa ɗaya: da kake rubuta waccan wasiƙar ta Agusta, fuskar wa kake gani?

Regla

Mallorca, 28 ga Disamba, 1995

Yaya Regla,

Barka da Kirsimeti, Allah ya maimaita mana. Na dawo na tarar da wasiƙarki, ban ci abincin biki da daɗi ba.

Kin yi mini hukunci ba ki ji ta bakina ba. Ki ɗauko wasiƙata ta farko ki karanta. Na ce ki ajiye su daban, ba irin na gida ba ne. Daban, Yaya, wato nesa da na Inna. Ke kika ɗora su a tsakiya, ke kika raba wa duk layi don a yabe ki. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Da kika rubuto a Yuni na san aikin gama ya gama, na ga ba amfanin tayar miki da hankali. Kuma abin nan yana yaɗuwa ko'ina, ko ban aiko ba zai iso ku bana ko baɗi. Maganar Caridad kuwa, ni ban sa miki kalma a baki ba.

Fure ne fa, Yaya. Mu biyu muka rage. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. In Allah ya kai mu Maris zan zo da kaina, in kawo irin da ba ya kamuwa, in gyara miki tsakar gidan ya fi da.

Ƙanenki har kullum,
Eulogio

Chipiona, 21 ga Janairu, 1996

Eulogio,

Na samu taka. Lafiyata ƙalau, gwiwa ta saɓe. Ka gaishe da Margalida, ka ce burodinta ya yi daɗi.

Na ɗauko wasiƙar na karanta. Gaskiyarka, ka rubuta "daban". Wato tun kana ɗaure kwalin ka san abin da ke ciki, ka zaɓi kalmar da za ta fishe ka in ta ɓaci, ba wadda za ta fishe ni ba. A watan Afrilu na gaya maka inda na ɗora su da waɗanda na ba, ka karanta ka yi shiru wata uku. Na gode da ka nuna mini wannan, da ban lura ba.

Abu ɗaya ka faɗa daidai: ba ka sa mini kalma a baki ba. Na je wurin Caridad ranar jajibirin sabuwar shekara. Ta buɗe ƙofa rabi, ta tsaya a ciki. Na gaya mata komai, daga tarin shara har wasiƙar matarka. Ta saurara har na gama, sannan ta ce, "Na ji. Furen bai dame ni ba, Regla, fure ana sake dasawa. Ɗaya maganar fa? Ita ma ƙanenki ne ya rubuto miki?" Na ce a'a, wannan tawa ce. Ta ce, "To." Ta rufe. Shekaranjiya mun haɗu a wurin mai kifi, ta amsa gaisuwata, ba ta tsaya ba. Ban san ko za ta wuce haka ba, kuma ba ni da bakin neman ƙari.

Sauran matan layi na bi su gida-gida na faɗa musu daga inda abin ya fito, don a sauke wa Caridad. Na faɗi sunanka. Ka san da haka kafin ka sayi tikitin jirgi.

Na tumɓuke duka na ƙone a bayan gida, naka da na Inna, na zubar da ƙasar, na wanke tukwanen na kife su a ɗakin ajiya. Kada ka kawo mini wani iri. Ba na son tsakar gidan da ya fi na da.

Gidan ubanka ne, ba zan hana ka zuwa ba, ɗakinka yana nan. Amma makullin da muke ajiyewa ƙarƙashin tukunyar bakin ƙofa tun muna yara, yanzu ba ya nan, don babu tukunyar. In ka zo, ka ƙwanƙwasa, ka jira.

Regla